Amfanin Kan Magana Wajen Nemo Labarin Daura A Intanet

Duk wanda ya taɓa aikin akawu ya san takarda tana iya ɓacewa alhali kuwa tana nan cikin ofis, wuta ba ta ci ta ba, gara ba ta taɓa ta ba. Abin da ya kan ɓad da ita shi ne a sa ta cikin fayil wanda sunansa bai dace da ita ba. A zamanin En'e, kafin a sāke tsarin ƙananan hukumomi cikin 1976, abu na fari da a kan koya wa sabon malamin ofis shi ne ya rubuta kan magana bisa kowace wasiƙa, ya ja masa layi, sa'an nan ya sa lambar fayil. In wasiƙa ta zo daga wani hakimi a kan gyaran rijiya, aka jefa ta cikin fayil da aka rubuta wa "Al'amura Dabam Dabam", to, ranar da Ma'aji ya neme ta sai an zazzage kabad duka.

Masu binciken tarihi ma sun san wannan wahala. Daura tana cikin Lardin Kano har 1934, sa'ad da aka haɗa ta da Katsina aka yi Lardin Katsina. Sabo da haka wanda ya tafi gidan ajiye takardun tarihi na Kaduna yana neman takardun Daura na farkon zamanin Turawa, in ya tsaya ga sunan Katsina kaɗai zai rasa da yawa, don magatakardan wancan lokaci sun ajiye su ne ƙarƙashin sunan lardin da su ke yi wa aiki.

Yau an sami wata ma'ajiya wadda ta fi ta Kaduna girma nesa ba kusa ba, watau intanet. Akawun da ke tsaronta kuwa inji ne, shi a ke kira injin bincike, kuma wanda mutanenmu suka fi aika shi ne Google. Ɗalibi a Zariya, ko ɗan kasuwa a Maradi, ko jikan Bahaushe a zangon Kumasi, in yana son sanin Daura ba ya zuwa fada ya tambayi Galadima. Wayarsa zai ɗauko ya rubuta kalma biyu ko uku, abin da injin ya ɗora masa bisa shi zai karanta, shi zai kwafa cikin littafinsa. Sa'ad da tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya rasu a Landan ran 13 ga Yuli 2025, aka yi jana'izarsa a Daura ran 15 ga watan, mutane daga ƙasashe masu nisa sun yi ta neman labarin garin ta wannan hanya. Ya kamata mu tambayi kanmu, rubutun wa suka samu? Niyyata a nan in bayyana wa malaman ofis da malaman makaranta yadda kan magana ya ke taimakon rubutu ya fito fili, da iyakar taimakon nasa, da tarkon da ke jiran mai rubutu a kan Daura musamman.

Yadda injin ya ke aiki

Aikin injin bincike kashi uku ne, kuma duk akawu zai gane su. Na fari shi ne tattarawa. Injin yana da masinjoji, waɗanda a ke yi wa laƙabi da gizo-gizo, suna yawo dare da rana daga wannan rubutu zuwa wancan suna ɗauko kwafi. Hanyar da su ke bi ita ce mahaɗi, watau wurin da wani rubutu ya nuna wani, kamar yadda akawu kan rubuta a gefen takarda, "duba wasiƙa lamba kaza". Na biyu shi ne shigarwa cikin rajista. Injin ya karanta kwafin, ya rubuta kalmomin da ke ciki da batun da ya fahimta a ke yi, ya ajiye cikin wata babbar fihirisa. Na uku shi ne jerawa. In mutum ya yi tambaya, injin ya buɗe fihirisar, ya zaɓo abin da ya ke gani ya fi dacewa, ya jera daga bisa zuwa ƙasa. Mafi yawan mutane ba su wuce 'yan amsoshin farko, sabo da haka wanda aka jera can baya kamar ba ya nan ne.

Wani Bature mutumin Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya ƙago tsarin da a ke haɗa rubuce-rubuce ta mahaɗi, cikin 1989, yana aiki a wata cibiyar binciken kimiyya kusa da Janiba. Tun cikin 1991, a bayanin farko da ya fitar na alamomin da za a riƙa sa wa rubutu don kwamfuta ta gane shi, akwai alamar take, akwai kuma alamomin kanun magana hawa 6. Watau tun ran gini aka yi zane. Google kuwa ɗalibai biyu ne na Jami'ar Stanford ta Amurka suka kafa shi cikin 1998, Larry Page da Sergey Brin. Dabarar da ta ɗaukaka su ita ce ƙidaya mahaɗi: rubutun da wasu rubuce-rubuce masu daraja suka yi ta nunawa, shi ma sai a ɗauke shi da daraja, kamar malamin da malamai ke kafa hujja da shi.

Take da kanun ciki

Kan magana iri biyu ne, kada a gama su. Akwai take, shi ne kamar sunan da a kan rubuta a bangon fayil. Shi injin kan nuna wa mai tambaya da manyan haruffa cikin jerin amsoshi, kuma da shi mutum zai yanke shawara ko ya buɗe ko ya wuce. Filin da a ke ba shi kaɗan ne. In ya wuce wajen haruffa 60 sai a datse ƙarshensa, a sa ɗigo-ɗigo. Sa'an nan akwai kanun ciki, waɗanda ke raba rubutun kashi kashi. Su ne masu hawa 6, a kan kira su H1 zuwa H6.

Hanya mafi sauƙi ta gane hawan nan ita ce a dubi tsarin sarauta. H1 shi ne Sarki, yana riƙe da ƙasar duka. H2 su ne hakimai, kowa da gundumarsa. H3 dagatai ne, kowane ƙarƙashin hakiminsa, H4 kuwa masu unguwa. Da wuya rubutu irin namu ya bukaci ya sauka ƙasa da wannan. Kamar yadda ba daidai ba ne mai unguwa ya tsallake dagaci da hakimi ya zauna gefen Sarki, haka ba daidai ba ne a yi tsalle daga H1 zuwa H4 don kawai girman haruffansa ya fi ba mai rubutu sha'awa.

Ga misali. A ce malamin tarihi ya shirya wa ɗalibansa bayani a kan masarautar, yana so ya sa shi a intanet. Sarkin kanun nasa sai ya zama "Tarihin Masarautar Daura, Jihar Katsina". Hakimi na fari, "Zamanin Magajiyoyi Har Zuwa Daurama". Na biyu, "Bayajidda Da Rijiyar Kusugu", da dagatai biyu ƙarƙashinsa: ɗaya a kan macijiyar da a ke cewa ta hana ɗiban ruwa sai ran Jumma'a, ɗaya a kan Bawo da Hausa Bakwai, watau Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Na uku, "Jihadi Da Rabuwar Daura", inda zai faɗi yadda Malam Ishaku ya ci garin wajen 1805, Sarkin Gwari Abdu ya fita, har danginsa suka kafa sarauta a Zango da Baure. Na huɗu, "Sarakunan Daura Daga Zuwan Turawa": Malam Musa, wanda aka mayar wa da sarautar daga gidan Zango, da Sarki Abdurrahman wanda ya yi daga 1911 zuwa 1966, da Sarki Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, da Sarki Umar Faruk Umar wanda ya hau cikin 2007. Wanda ya karanta kanun nan kaɗai, ko bai karanta sauran ba, ya san abin da ke cikin takardar da inda zai same shi. Injin ma haka.

Cikin watan Agusta na 2021 Google ya sāke yadda ya ke zaɓen taken da zai nuna wa mutane. In ya ga taken da mai rubutu ya sa ya yi tsawo ƙwarai, ko an cika shi da maimaici, ko bai faɗi kome ba, sai ya ajiye shi ya ɗauko babban kan ciki, ko wata magana daga jikin rubutun, ya sa a maimakonsa. Bayan wata ɗaya kamfanin ya ce wajen kashi 87 cikin 100 taken mai rubutu ya ke nunawa. Darasin a fili ya ke. In take da H1 suna faɗin abu ɗaya, kuma abin da suka faɗa shi ne ke cikin rubutun, sunan da ka raɗa wa aikinka shi jama'a za su gani. In kuwa suka saɓa, injin ne zai raɗa masa suna.

Iyakar ƙarfin kan magana

Kada wani ya ji wannan ya zaci in ya gyara kanu shi ke nan ya hau bisa kowa. Ma'aikatan Google da kansu sun sha faɗi cewa kanu suna taimakon injin ya gane batun kowane sashe, amma ɗaya ne kawai daga cikin abubuwa masu yawa da ya ke aunawa. Sun ce ma ko rubutu yana da H1 fiye da ɗaya, injin ba zai hukunta shi ba. Abin da ya fi nauyi shi ne ko rubutun ya amsa tambayar da aka yi, da ko wasu sun yarda da shi har suna nuna shi.

An yi zamanin da masu wayo suka riƙa cusa kalma guda sau goma cikin take, ko su ɓoye jerin kalmomi inda mai karatu ba ya gani, don su ruɗi injin. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Cikin 2009 Google ya sanar cewa ba ya duban ɓoyayyen jerin kalmomin nan wajen jerawa. Cikin 2011 ya kawo wani gyara da aka yi wa laƙabi da Panda, wanda ya tura rubuce-rubuce marasa nauyi da na kwafe-kwafe can baya. Cikin 2019 kuma ya shigo da wata dabara mai suna BERT, wadda ke duban ma'anar jimla gaba ɗaya. Sabo da haka take irin "Daura, Tarihin Daura, Garin Daura, Sarkin Daura" ba abin da zai jawo wa mai shi sai a canja masa shi, mutane kuma su raina aikin.

To, in haka ne, ina amfanin wahalar? Amfani na fari yana wurin mutum. Labarin zuciya a tambayi fuska. In amsoshi goma suka jeru gaban ɗalibi, wadda takenta ya faɗi abin da ya ke nema ita zai buɗe, ko da tana ta uku. Na biyu, injin ya kan tsinko sashe guda daga tsakiyar dogon rubutu ya ba da shi amsa, kuma tun 2024 Google ya fara rubuta taƙaitacciyar amsa da kansa bisa jerin, yana nuna inda ya ɗebo ta. Sashen da ke da kansa, wanda ya tsaya kan batu guda, ya fi sauƙin tsinkowa bisa ga maganar da aka zuba ba shinge. Na uku ya shafi 'yan'uwanmu makafi. Na'urar da ke karanta musu rubutu da murya tana iya jera musu kanu, su yi tsalle zuwa wanda su ke so. In ba kanu, sai su saurari abin tun daga farko har ƙarshe kafin su kai ga layi biyun da su ke bukata.

Tarkon da ke jiran mai rubutu a kan Daura

Akwai waɗansu wahaloli da suka shafe mu, waɗanda littattafan Turawa a kan wannan fanni ba za su gaya mana ba. Na fari yana cikin sunan garin kansa. A Hausa akwai Daura gari, akwai "daura da", kamar a ce gidansa yana daura da masallaci, akwai kuma ɗaura, kamar ɗaura aure ko ɗaura ɗamara. A wurin kwamfuta d da ɗ haruffa biyu ne dabam, kowanne da lambarsa, amma mutane da yawa in suna rubutu a waya ba su damu da ƙugiya ba. Sai ka ga labarin "daura aure" a Sakkwato yana iya cuɗanya da labarin garin Daurama. Maganin abin biyu ne: a sa ƙugiya inda ta dace, kuma kada a bar sunan garin shi kaɗai cikin take. A ce Masarautar Daura, ko Ƙaramar Hukumar Daura, ko Daura ta Jihar Katsina.

Haka kuma Gani. Duk mutumin Daura ya san Sallar Gani da a ke yi cikin watan Rabi'ul Awwal, da hawan da Sarki ke yi. Amma gani kalma ce da ke cikin kusan kowace takardar Hausa. Take mai cewa "Gani Na Bana" bai gaya wa injin kome ba, bayan shekara kuma ko mutum ba zai san wace bana a ke nufi ba. "Hawan Sallar Gani A Daura, 2024" ya faɗi biki da wuri da shekara cikin kalma shida. Zango ma haka ne. Akwai Zangon Daura, akwai Zangon Katab a Jihar Kaduna, akwai zangunan Hausawa barjat a ƙasar Gana, ga kuma zangon karatu na makaranta. Malamin ofis a Zango da ya rubuta "Sanarwa Daga Zango" ya aika takardarsa cikin taron kasuwa ba adireshi. Ita macijiyar Kusugu ma sunanta Sarki, wanda ya sa wannan suna kaɗai bisa sashenta ya san abin da ya haɗa ta da shi.

Sa'an nan ga bambancin rubutu. Wasu su kan rubuta Bayajidda, wasu Bayajida, wasu kuma Abuyazidu. Masarautar tana bakin iyaka, ƙananan hukumominta biyar ne, Daura, Zango, Baure, Mai'aduwa da Sandamu, kuma wanda ya ƙetare Kwangwalam ya shiga ƙasar da ta yi karatu da Faransanci. Can a kan rubuta Daoura, kuma inda mu ke rubuta 'ya'ya su suna da harafi mai ƙugiya, ƴ. Ba a cusa duk waɗannan cikin take. A zaɓi wanda ya fi yawa a bakin jama'a a sa bisa, sauran a ambace su sau ɗaya cikin sakin layi na fari, yadda wanda ya nema da su zai iske.

Tarko na ƙarshe shi ya fi kama ofisoshi. A buga sanarwa, a sa hannu, a buga hatimi, sa'an nan a ɗauki hotonta da waya a watsa a Facebook ko WhatsApp. Abin da aka aika ta WhatsApp injin bincike ba ya shiga ya gan shi, hoto kuwa ba shi da take, ba shi da kanu. Bayan mako guda sanarwar ta nutse. Haka nan wanda ya ƙara wa layi girma ya baƙanta shi a Word, idon mutum zai ga kan magana, amma kwamfuta layi ne kawai ta gani kamar sauran. Sai an zaɓi layin an sa masa alamar kai daga jerin salon rubutu, sa'an nan ya zama hakimi mai rawani.

Abin da ya kamata a yi

Ga malamin ofis, ka'idodin ba su da yawa. Kowace takarda ta sami take nata, kada biyu su yi tarayya cikin suna ɗaya. A fara da batun, a biyo da wuri, a rufe da shekara in ana bukata, sunan ofis ya zo daga baya. Kirari da gaisuwar ban girma suna da wurinsu cikin jikin wasiƙa, amma in aka fara take da su, kafin a kai ga batun an datse shi. Babban kai ɗaya ya isa, ƙananan su bi hawa hawa. In takarda ta Hausa ce, takenta ya zama na Hausa. Da yawa su kan sa wa rubutun Hausa take na Turanci don ƙawa, sai mai nema da Hausa ya wuce shi, mai nema da Turanci ya buɗe ya kāsa karantawa. In an watsa hoton sanarwa, a rubuta maganar da haruffa a ƙarƙashinsa.

Ga malamin makaranta kuwa, wannan darasin insha'i ne da muka sani tun muna kwalejin horon malamai, sai dai an ƙara masa dalili. A ba yara labari mai sakin layi biyar ba kanu, a ce kowa ya raɗa wa kowane sashe suna da bai wuce kalma bakwai ba. Sa'an nan a rufe labarin, a karanta kanun kaɗai ga wani aji, a tambaye su abin da labarin ya ƙunsa. In sun faɗa daidai, kanun sun yi. Yaron da ya iya wannan ya iya taƙaitawa, kuma ranar da ya zama akawu ko ɗan jarida ba zai ɓad da takardar kowa ba. Daura tana da kwalejin Yusuf Bala Usman da kwalejin fasaha ta Tarayya, ɗalibansu suna rubuta bincike kowace shekara a kan garuruwansu da kasuwanninsu da sana'o'insu. Irin wannan aiki in an tsara kanunsa aka fitar da shi, zai cike giɓi babba.

Manyan littattafan da masana ke komawa gare su a kan Daura, kamar wanda H. R. Palmer ya fitar cikin 1928 da wanda M. G. Smith ya fitar cikin 1978, da Turanci aka rubuta su, kuma baƙi ne suka rubuta, ko da ya ke daga bakin mutanen Daura suka ji. Mun gode musu, amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Dattawan da suka san jerin hakimai da asalin unguwanni da sunayen ƙofofi suna nan, masu ilmin da za su rubuta suna nan, wayar da za a aika da shi tana cikin aljihun kowa. Saura a rubuta da Hausa mai kyau, a sa wa kowane aiki sunan da zai kai mai nema gare shi, don ɗalibin da ya tambayi wayarsa labarin Kusugu ya sami amsa daga mutanen da ke shan ruwanta.